Hoton Amarya Cikin Hayaƙin Turare

Kyamarar ba tawa ba ce tun asali, ta yayana ce. Shi ke yawo da ita gidajen biki da suna a nan Diffa, har shekarar da zancen zinariya ya ɗauke hankalin samari, ya bi mota zuwa Jado. Ranar da zai tafi ya ajiye mini ita a kan tabarma cikin jakarta, ya ce in riƙe masa. Da ya yi waya daga baya na tambaye shi yaushe zai karɓi abinsa, sai ya ce, “Ke dai in kin iya cin abinci da ita, ki ci.”

Ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko. Rubutun da ke fitowa a bayan kyamarar, har yau rabinsa ban san me yake cewa ba. Da yatsa na koye ta: in danna nan in ga abin da ya faru, in murɗa can in ga abin da ya canza. Ƴata tana goye a bayana na fara ɗaukar kaji, da randa, da uwar mijina tana tsintar shinkafa. Ita uwar mijin nawa Iya muke kiranta, gida ɗaya muke, kuma tun ran farko ta ce wannan aikin marasa aikin yi ne.

Amma aiki ya zo. Namiji ba ya shiga ɗakin amarya, wannan kowa ya sani. Waya kuma kowace mace tana da ita, sai dai hoton waya kafin la'asar ya zaga gari, har wani ya tsinci matarsa ba mayafi a wayar abokinsa. Ni in na ɗauka, sai in kai wa wani tsoho mai shagon wanke hoto a bakin kasuwa, Badamagare ne, Baba mai hoto muke ce masa. Ina tsaye a kansa har ya gama, in zuba hotunan a ambulan, in goge katin, in kai wa masu shi hannu da hannu. Wannan amanar ce ta sa mata suka fara aiko yara kirana. Daga nan nake sayen sabulu da maganin yarinya ba sai na jira maigida ya dawo ba.

A tsakar gida hotona ba shi da laifi. Cikin ɗaki ne matsalar.

Wanda bai taɓa shiga ɗakin amarya a garin nan ba, ba zai gane ba. Taga ɗaya ce ƙarama, ita ma an sake mata labule. Ga mata cike, ga kaskon turaren wuta a wannan lungu, ga wani a wancan, wani ma a ƙarƙashin lafayar amarya. Mu idonmu ya saba, ba ma ganin yawan hayaƙin. Kyamara kuwa in duhu ya yi mata yawa sai ƴar fitilarta ta ɗago ta walƙa. Walƙiyar nan kafin ta kai fuskar mutum ta riga ta daki hayaƙi, hoto ya fito fari fat kamar an watsa masa koko. In na hana fitilar tashi, sai kyamarar ta yi ta jinkiri kafin ta ƙifta, duk wadda ta ɗan motsa ta fito da kai biyu.

A wani biki cikin sanyi na kai hotuna, gwaggon amarya ta zazzage ambulan a cinya, ta duba ɗaya bayan ɗaya, ta ɗago ta dube ni.

“Ƴar nan, wallahi hayaƙin ya fito da kyau. Amaryar fa, ko tana wani ambulan ɗin?”

Ɗaki ya ɗauki dariya, ni ma na yi, don ba yadda zan yi. Sun biya ni. Amma da aka tashi aurar da ƙanwar amaryar ba su aiko ba, a bakin wata na ji an yi an gama. Bayan nan wani gidan ma ya yi shiru. Magana ba ta da wuyar yawo tsakanin mata.

Ana cikin haka sai Hajiya mai turare ta aiko in zo. Ita daga tsallaken kogin Komadugu ta zo da ƴaƴanta lokacin tashin hankali, ba ta fito da komai ba sai abin da ta iya, wato haɗa turaren wuta da humra. Yau babu amaryar da za a kai ɗaki a unguwanninmu ba a bi ta gidanta ba. A nan ake jin wa ya iya kitso, wa ya iya lalle, wa za a kira, wa za a bari. Na same ta zaune tsakanin kwalabe tana juya itacen turare a cikin tasa.

“Autata zan aurar bayan an gama kwasar tattasai,” ta ce. “Ke nake so ki ɗauka. Amma an ce hotonki ba ya shiri da turare.”

Na ce, “Hajiya, in da za a ɗan rage kasko lokacin da zan ɗauka...”

Ta ajiye cokalin. “A rage? A bikin ƴata? Ni da nake sayar wa garin nan ƙamshi, a shigo ɗakin ƴata a ji iska kawai? Ƙarawa ma zan yi. Duk wadda ta taɓa sayen turare a hannuna za ta zo. Yayyenta duka an yi musu hoto a can gida, babu ko hoto ɗaya da ya tsallako tare da mu. Wannan nake so in rataya. In ba za ki iya ba ki faɗa tun yanzu, ba faɗa ba ne.”

Na ce zan iya. A hanya ina tafe ina jijjiga yarinya ko kuka ba ta yi. Na san in hoton nan ya lalace a gaban matan garin duka, babu mai sake kirana, sai dai in nannaɗe kyamara in jira mai ita.

Shekarar nan tattasai ya yi kyau a gonar mahaifiyata, can ƙauyenmu a bakin Komadugu. Ruwa bai hau gona da wuri ba, tsutsa ma ta yi sauƙi. Tun rasuwar mahaifinmu ina da rabo a gonar, kuma a wannan karon rabon ya fi na kullum. Da aka sayar aka aiko mini, na ƙulle a bakin zane na nufi wurin Baba mai hoto, na kwashe komai na gaya masa.

Ya shiga ciki ya fito da abu biyu ya ajiye a kan kanta. Ɗaya kyamara ce babba, baƙa wuluk, gabanta a toshe da murfi. Ɗayan ɗan dunƙulen gilashi ne, bai fi kofin shayi ba.

“Ƴata, kyamara abu biyu ce, jiki da ido. Wannan jiki ne. Wata ma'aikaciyar agaji ce ta sayar mini da za ta koma ƙasarsu, bai sha wahala ba. Sai ki kwance idon da ke kan taki ki ɗaura masa. Ya fi naki sauri, ya fi naki haƙuri da duhu, har bidiyo yana yi. Wannan kuwa ido ne, nawa ne na aiki, ba na sayarwa ba, amma ana samun irinsa a Damagaram. Idon da ke kan taki ƙofarsa ƙarama ce, haske kaɗan ke shiga. Wannan in ya buɗe kamar ƙofar zaure. Sai dai ba ya jawo abu kusa, ba ya tura shi nesa. Ƙafarki ce za ta yi wannan aikin.”

Na tambayi kuɗinsu. Abin da ke bakin zanena ya isa ɗaya, ko wannan ko wancan. Jikin zai cinye duka, idon zai bar ɗan canji.

“Baba, in kai ne wanne za ka ɗauka?”

Ya yi dariya. “Ni ɗan kasuwa ne, jikin nake so ki saya, shi ne ke kan kantata yana shan ƙura. Kada ki tambayi mai tuwo ko tuwo ya fi fura.”

Na ɗaga jikin nan. Nauyinsa ma daban. Bayansa wani ɗan allo ne da ke juyawa ko'ina. Na hango kaina na shiga gidan biki da shi rataye a wuya, mata suna matsawa suna ba ni hanya. Ba zan ɓoye ba, raina ya biya ƙwarai.

Maigidana gyaran injin ban ruwa yake yi, rabin kwanakinsa a gonakin bakin kogi yake, hannunsa kullum da baƙin mai. Da na gaya masa, ko tunani bai tsaya yi ba.

“Jikin za ki saya. Sabon tiyo ba ya tayar da mataccen inji. Ke ba kya ganin halin da taki take ciki?”

Ina gani. Ƙofar batirinta ta karye tun a hannun yayana, da roba muke ɗaure ta, robar da shi maigidan ya yanko daga tsohon tayar keke. In zafi ya yi mata yawa sai ta ƙame, ba gaba ba baya, sai an zare batir an jira ta huce.

“Na sha gani a gona,” ya ce. “Mutum ya kashe kuɗinsa a kan tiyo da famfo, inji ya mutu masa tattasai na tsakiyar fure. Kuma mutane da ido suke ciniki. In suka ga babbar kyamara ba za su taya ki da arha ba.”

Iya tana gefe tana jinmu. Ta ce ita a nata ganin daga jikin har idon duk hauka ne, tunkiya ya kamata a saya, ita ce ke haihuwa. Ta ce damina na tafe, sauro na tafe, yarinya ga ta da tari.

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta fi zauna mini. Ƴata tun tana jaririya ƙirjinta ba shi da ƙarfi. Ɗan tari kaɗan in ta yi sai in kasa kunne a bayanta ina sauraron numfashi. Kwanakin nan ko tuwo nake tuƙawa lissafin nan nake: in na sayi jiki hoto bai gyaru ba fa? In na sayi ido kyamara ta mutu fa? In na bar kuɗin a ƙulle, na ci su kaɗan kaɗan, aiki ya tsaya, baɗi da me zan kai ta likita? Kowace hanya na bi sai na ga rami a gabanta. Har miya na ƙona.

Da na gaji da juyayi sai na ga ba zan yanke magana a kan abin da ban gwada ba. Na koma wurin Baba na roƙe shi aron duka biyun na wuni ɗaya. Ya dube ni ya dubi kayansa, ya ce albarkacin yayana, amma kafin magariba su dawo, kuma kada yarinya ta taɓa gilashin da hannun alewa.

Na miƙa yarinya gidan maƙwabciya don kada hayaƙi ya tayar mata da tari. Na rufe tagar ɗakina, na sake labule, na hura gawayi a kasko biyu. Turarena ya ƙare, sai na je na tsuguna a gaban Iya.

“Iya, ki ranta mini turarenki, kuma ki zo ki zama amarya.”

“Amaryar wa? Ke, kanki ɗaya kuwa? Turaren da nake ɓoyo tun sallah za ki ƙona da tsakar rana, ba miji ba baƙo?”

Ta yi ta faɗa, tana faɗan tana buɗe akwati. Har lafayarta ta fita unguwa ta ɗauko ta yafa. Ta zauna a bakin gado ta sunkuyar da kai, ta ce in yi sauri kafin angon ya ga haƙoranta ya fasa.

Da ɗaki ya cika da hayaƙi yadda nake so, na fara da babban jikin, na ɗaura masa tsohon idona, na hana fitila tashi. Gaskiya ya fi tawa nesa ba kusa ba. Fuska ta fito, ba kai biyu. Amma da na jawo hoton kusa a ɗan allon, sai na ga fatar Iya kamar an yayyafa mata rairayi, jan lafayar ya koma kalar ƙasa. Hoto ne da za a karɓa a biya, a sa a akwati.

Sai na mayar da tsohuwata, na ɗaura mata ɗan idon Baba, na murɗa yadda ya nuna mini har ƙofar ta buɗe iyakarta. Na leƙa. Tun kafin in danna na ga ɗakin ya yi haske kamar an ɗage labule. Na ɗauka, na duba, na zauna a ƙasa.

Ga Iya nan, tsagen fuskarta ɗaya bayan ɗaya, ga kwallin idonta, ga jan lafaya ja sosai. Hayaƙin da ya hana ni barci ya koma bayanta siriri siriri yana murɗawa, ya zama ado. Bangon ɗakina mai tabo ya narke, ba a ganinsa.

Na ci gaba da ɗauka, a nan na ga halinsa. Idon nan wuri ɗaya tak yake kamawa. Wani hoton hanci ya fito tas ido ya dushe, wani kunne ne ya fito. Cikin waɗanda na ɗauka masu kyau ba su kai rabi ba. Da na so in ɗauki Iya tun daga kai har ƙafa, na ja baya, na ja baya, har na buge ƙeya da bango, ƙafafunta ba su shigo ba.

Na nuna mata mai kyan. Ta riƙe kyamarar nesa da fuska ta daɗe tana kallo.

“Wannan ido ba shi da kunya,” ta ce. “Duk tsufana ya tona.” Ta ƙara kallo. “In za a wanke, a yi mini babba.”

Da safe maigida yana shan kunu zai fita, na ce masa idon zan saya. Ya ajiye ludayi.

“In ta mutu miki a tsakiyar biki fa?”

“Ƙila ta mutu. Amma ba ita ta kore ni daga gidajen biki ba, hayaƙi ne. Babban jikin ya rage ciwon, bai warkar ba. Hajiya ba na akwati take so ba, na bango take so. Kuma Baba ya ce ido ba ya tsufa kamar jiki, ran da na samu halin sayen wani jikin irin wannan, zai hau kansa.”

“Ran da kika samu hali.”

“I, ran da na samu.”

Ya ce kuɗina ne, gonar ubana ce. Na san bai yarda ba, har yau ma in zancen ya taso cewa yake sa'a na yi. Amma da ya dawo daga aiki ya wanke hannu da omo har sau biyu, ya ce in kawo kyamarar. Ya goge bakin batirin da wani ruwa da suke wanke inji da shi, ya lanƙwasa ƴar siririyar waya ya yi wa ƙofar maƙalli, ya yanko sabuwar roba ya ƙara a kai. Ya ce abin da zai iya ke nan, zafin da ke cikinta kuwa sai Allah.

Na kai wa Baba kuɗi ya yi waya Damagaram. Jiran nan ya fi komai cin rai. Yau a ce an ba direban kar, wato bas, gobe a ce motar ta kwana a hanya, jibi a ce ba a ba shi ba ma tukuna. Kullum sai na goya yarinya na je bakin kasuwa, har Baba ya ce in ya gan ni daga nesa cikinsa ke ciwo. Ranar da na je na tarar babban jikin ba ya kan kanta, wani soja ya saya, sai da na dafa ƙofa. Hanyar komawa ta rufe ke nan.

Idon ya iso ana saura ƴan kwanaki biki, a naɗe cikin tsohuwar riga a kwalin shayi. Daga ranar ban bar kowa ya huta ba. A cikin kyamarar akwai wani ɗan ɗigo ja da ke nuna inda za ta kama. Na koya wa hannuna ɗora shi a kan idon mutum, idon da ya fi kusa da ni, kafin in danna. Ƴata ce malamata, don ba ta zama wuri ɗaya. Tana rarrafe ina binta da gwiwa, daga gindin murhu zuwa bakin ƙofa. Na ce in na iya kama idon wannan, amarya mai zaman kunya ba za ta gagare ni ba. Na kuma koyi rage buɗin ƙofar kaɗan in mutum biyu ne, don kada ɗaya ta fito ɗaya ta dushe.

Ranar wankin kai da kitson amarya na bar yarinya wurin Iya, na jaddada mata maganin tari har ta ce ita ma ta yi reno kafin a haife ni. Da hantsi na isa gidan Hajiya. Tun daga bakin titi ƙamshi ke tarye mutum. A tsakar gida wata mai lalle da muka saba ta hango abin da ke wuyana.

“Ke, an ce kin sayar da tattasai kin yi sabon kaya. Ina yake?”

Na nuna mata.

“Wannan? Ai ya fi na da ƙanƙanta! Jama'a ku zo ku ga murfin kwalba. An cuce ki, ƴar uwa, ki mayar musu.”

Na ce ta bari sai an wanke. Ban tsaya ba, don in na tsaya zuciyata za ta karye.

Hajiya ta cika alkawarinta. Ban taɓa shiga hayaƙi irin na ɗakin nan ba, idona har ruwa yake. Amarya tana zaune a kan tabarma, gwaggwanninta sun gama wanke mata kai suna tsane shi, mai kitso ta zauna a bayanta ta ware ƙafa. Haske ɗaya ne, na bakin ƙofa, yana faɗowa a gefen fuskar yarinyar. Na tsuguna inda ba zan tare shi ba. Na ɗora ɗigon a idonta na danna. Ba walƙiya, ba wadda ta firgita, wasu ma ba su san na fara ba. Na duba bayan kyamara sau ɗaya, na ga abin da na gani, ban ƙara dubawa ba, na ci gaba da aiki. Ina matsawa gaba da gwiwa, ina ja da baya, ina taka zannuwan mutane ina ba da haƙuri.

A al'adar su Hajiya in za a fara kitso akan sa wa amarya dabino da zuma a baki, ta riƙe har a gama, ba ta tauna ba, ba ta yi magana ba. Uwa ba ta cika shiga wurin ba, amma Hajiya ta ce ita za ta sa wa autarta da hannunta. Ta shigo, mata suka buɗa mata, aka fara guɗa. Ta durƙusa ta ɗago haɓar yarinyar. Na saita, na danna.

Ba abin da ya motsa. Kyamara ta ƙame.

Na sake dannawa, shiru. Jikinta zafi kamar an ɗauko ta daga kan murhu. Na kwance roba, na zare maƙalli, na fitar da batir. A lungun ɗakin akwai randa, na rarrafa na manna kyamarar a cikinta mai sanyi ta waje, batirin a ɗaya gefen. Ina durƙushe ina jin guɗa a bayana. Da na waiga Hajiya ta riga ta miƙe tana goge yatsa, tana goge ido da gefen mayafi. Wannan abu ba a maimaita shi don mai hoto. Ya wuce ke nan.

Na mayar da fuskata ga randar. Na ce wa kaina kitso yanzu aka fara, da sauran aiki. Na jira har ƙarfen ya huce a tafin hannuna, na mayar da batir, na ɗaure, na yi bisimilla. Ta tashi. Daga nan na riƙa kashe ta duk lokacin da ba na ɗauka, ina ajiye ta a gindin randar, har aka gama ba ta sake yi mini ba.

Da aka kammala kitso gwaggwanni suka ce a yi musu na taro da amarya, a nan cikin ɗaki. Suka jeru bango zuwa bango. Na ja baya har na fita ƙofa, na tsaya a kan takalman mutane, duk da haka ba su shiga duka ba. Tsohon idon yana cikin jaka, shi zai kwashe su gaba ɗaya, amma na san abin da zai ba ni a cikin wannan hayaƙi. Na ce su matsu. Suka matsu suna dariya suna ture juna, na ɗauka a haka.

Baba yana wankewa, da ya zo kan wani sai ya tsaya, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Amarya ce ta sunkuyar da ido, kumatunta ya ɗan tasa saboda dabino, rabin kai an kitsa rabi a tsefe, hannun mai kitso da lalle a kan goshinta, hayaƙi na hawa a bayansu. Ya ce wannan a babbar takarda zai yi shi, in ban da kuɗin ƙari in kawo daga baya.

Na kai wa Hajiya da la'asar, gidan da sauran baƙi. Ta goge hannu ta karɓa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, mata sun kewaye ta suna leƙe. Da ta kai ƙarshe ta sake komawa farko.

“Ina wanda nake sa mata dabino?”

“Babu, Hajiya. Kyamarar ta tsaya mini daidai lokacin.”

Ta dube ni. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, amma ban kawar da ido ba.

“Shi na fi so,” ta ce.

“Na sani, Hajiya.”

Ta mayar da sauran cikin ambulan. Sai ta ɗauki babban, ta miƙe, ta je inda kwalabenta suke jere, wurin da duk mai sayen turare ke zama, ta kara shi a bango tana duban tsayin da ya dace. Ta ce wa wata jikarta a nemo ƙusa. Ta juyo ta ce mini wata mai sayen humra a wurinta za ta aurar da ƴa bayan sallah, ta riga ta gaya mata akwai mai hoto, kada in ba ta kunya.

Ban gama cewa na gode ba sai ga murya daga cikin taron. Babbar gwaggon amarya ce, mace mai jiki, ta ɗaga hoton taron sama tana kaɗa shi.

“Ina mai hoton? Zo nan. Wannan kafaɗar ta wace ce a gefe?”

Na duba. Kafaɗarta ce, da rabin ɗan kunne. Sauran duk a waje.

“Taki ce, Gwaggo.”

“Tawa ce! Na ɗinka lafaya sabuwa, na zauna wuni guda ana mini lalle, na biya mota tun daga Maine, ki kawo mini kafaɗa? Kafaɗar ce kaɗai ta sha goyon uban yarinyar nan?”

Mata suna ta dariya, wata ta ce ai Gwaggo ko babbar kyamara sai an ɗauke ta sau biyu. Gwaggo ta kai mata duka da hoton.

Na ce, “Gwaggo, ɗakin ne ya yi kaɗan. Yaushe za ki koma?”

“Jibi.”

“To gobe da hantsi ki sa lafayar, ki zauna ke kaɗai a bakin ƙofa. Zan zo.”

“Da turare,” ta ce. “Ni ma da turare za a yi mini, irin na amarya.”

Na ce da turare. Na tattara jakata na fito da sauri, don nono ya cika mini kuma batir na buƙatar caji kafin a ɗauke wuta.